Sabon ma'aikaci ne ni a harkar filayen noma, sunan wa zan rubuta a takardar diyya?

dan_agege

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar filaye, musamman iyayenmu da yayyenmu da suka yi aikin gwamnati a nan kudu.

Ban jima da kama aiki ba a wata ma'aikatar gwamnati, sashen da ke kula da filayen noma, lebul 8 aka ɗauke ni, sunan wurin dai ku yi min uzuri. Ni haifaffen Agege ne a nan na tashi ina jin Yarabanci sosai, shi ya sa duk fitar da za a yi ƙauyukan Epe ko Ikorodu ko ta wajen Badagry sai a ce in shiga mota, in an je gaban Bale, wato dagacin ƙauye, ni ne mai magana, in an ci karo da mutanenmu ma ni ne.

A ɗan zaman nan babban abin da na gane shi ne a Legas da wuya ka samu filin da mutum ɗaya ne kawai ke cewa nasa ne. Ka buɗe taswira a ofis ka ga an shafa masa launi wai gwamnati ta karɓe shi tun zamanin soja, ka je wurin dangin da suka gaje shi su fito maka da gazet, wato takardar sanarwar gwamnati, su ce ai an yanke musu wannan ɓangaren an mayar musu, kana cikin haka wani ya taso daga Festac da rasit da takardar safiyo ya ce shi ya saya har ya kafa bulo a kusurwa, sannan ga wanda yake duƙe a cikin filin da fartanya, shi ko ƙyallen takarda ba shi da ita amma shi kaɗai za ka tarar a wurin ko da asuba ka je. Na kuma gane cewa abin da bai shiga fayil ba to bai faru ba, ko mutum ɗari suka gani da idonsu.

To ga abin da ya hana ni barci. Akwai wani fili ta hanyar Badagry da ake so a yi rukunin gonakin matasa a kai, aka tura mu ƙidayar abin da ke kansa saboda diyya. Muna zuwa na tarar kusan rabin wurin lambu ne, kuma masu lambun mutanenmu ne, 'yan Kano da Katsina da Jigawa, alayyahu da latas da albasa mai lawashi da ugu da ewedu shar ko'ina. Wasu sun ce tun ba a haife ni ba suke wurin. Duk shekara suna biyan dangin da ke da filin kuɗi, amma ba rasit ba komai, hannu da hannu ne. Wani dattijo a cikinsu mutumin Ɗambatta ya kama hannuna ya kai ni bakin iyakar lambunsa, ya damƙo ƙasa daga ciki baƙa wuluk mai laushi, ya taka waje kaɗan ya damƙo farin yashi irin na bakin teku, ya ce ɗana haka na same ta, kashin kaji na yi ta sayowa buhu buhu shekara da shekaru har ta koma haka. Ya nuna min rijiyar da ya haƙa ya sa mata zoben siminti da kuɗinsa. Bai roƙe ni komai ba wlh, cewa kawai ya yi in rubuta abin da na gani.

Fom ɗin da aka ba mu gurbi ɗaya ne da shi na suna, mai fili. Wakilin dangin ya ce a sa sunan dangi a komai, in kuɗi ya fito su za su sallami masu lambu. Wani da ya girme ni a aiki ma haka ya ce, wai kar in jawo mana dogon aiki, kuma ya ƙara da cewa in yi hankali kar a ce don 'yan uwana ne nake rawar jiki. Zuciyata ta kasa ɗauka, ta yaya za a tashi manoma don a kafa shirin noma kuma ko sunansu ba zai fito a takarda ba?

Tambayata, doka ta san da zaman irin waɗannan mutanen ko kuwa? Ina da ikon rubuta sunayensu? Kuma ta wace hanya zan bi ba tare da na taka oga ba, don ko tabbatar da ni ba a yi ba tukuna.

Tsohon_safiyo

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya kafin ka sa hannu. Na yi aikin awo a arewa na yi a nan, yanzu na ajiye, bari in faɗa maka abin da na sani, masu doka sa zo su ƙara.

Da farko ka san asalin abin. Dokar Amfani da Ƙasa da Obasanjo ya kafa a watan Maris 1978 ita ce ta ɗauki duk ƙasar jiha ta damƙa wa gwamna a matsayin amana. Mu a arewa ba ta zo mana baƙuwa ba don tun dokar 1962 ta Jihar Arewa, kai tun ta Turawa ta 1910, haka tsarin yake a takarda, kuma ko a lokacin manomi a ƙauye gado ya sani da aro da jingina da haya, dagaci da mai unguwa su ne shaidarsa. A ƙasar Yarabawa kuwa ƙasa ta dangi ce, akwai shugaban dangi akwai manyan gida, kuma har gobe a zuciyarsu haka take ko me gazet ya ce. Saboda haka wakilin nan da ya ce a sa sunan dangi ba lallai mugunta ce ba, a ganinsa duk abin da ya tsiro a ƙasar kakansa ta hannunsa ya kamata ya bi. Kar ka ɗauke shi abokin gaba. Amma kuma kar ka yarda da maganar in kuɗi ya fito za mu sallame su, na sha jin wannan maganar kuma na ga inda take ƙarewa.

Kar ka raina aikin ƙidayar nan da aka ba ka don ka ga aikin ƙananan ma'aikata ne. Rikicin Bakolori ka karanta shi. An gina dam a kan kogin Sakkwato kusa da Talata Mafara, aka taɓa gonakin mutane, maganar diyya da rabon filaye ta cukurkuɗe, manoma suka tare hanyoyi, a watan Afrilu 1980 aka tura 'yan sanda, rayuka da yawa suka salwanta. Irin wannan ba daga sama yake faɗowa ba, daga littafin ƙidaya yake somawa, wane an rubuta wane an tsallake.

Ga yadda ake yi. Kar ka zauna a inuwa a kawo maka sunaye, ka taka da ƙafarka lambu lambu. Kowane lambu ka ba shi lamba, ka kafa ɗan turke ka rubuta lambar da fenti, ka ɗauki maki na GPS a kusurwoyinsa ko da na wayarka ne, ka tsayar da mai lambun a ciki ka ɗauki hotonsa da turken yana fitowa. Ka tambayi na dama da na hagu, wannan na wane ne? In bakinsu ya zo ɗaya ka rubuta. Ka auna da mita, kar ka rubuta fuloti, don fulotin Legas ƙafa 60 ne da 120, na wurarenmu sau da yawa 50 ne da 100, in ka ce fuloti kowa da abin da zai ji. Eka ɗaya wajen murabba'in mita 4,047 ce, hekta kuma 10,000, a nan ana lissafa fuloti 6 a eka. In kun gama a tara kowa a gaban Bale a karanta jerin da ƙarfi, da Yarabanci da Hausa, in akwai 'yan ƙabilar Egun a wurin a samo mai faɗa musu da harshensu, mai ƙorafi ya yi a nan take, sannan a dangwala.

Wani abu kuma, don kar tausayi ya rufe maka ido. Da zarar labarin diyya ya fita za ka ga abin mamaki, cikin dare ɗaya fili ya cika da karan rogo da 'ya'yan ayaba da aka soka jiya, ka ja ɗaya ya fito ba saiwa. Za ka ga sabon kabari da ba kowa a ciki. Kuma mutanenmu ma suna yi, wani zai kira ƙanensa daga Mile 12 ya tsaya a lambun da ba nasa ba. Shi ya sa ake sa ranar rufe ƙidaya a sanar da kowa, abin da aka shuka bayanta ba ya shiga. Kuma ko kusa kar ka yi wa kowa alkawari, ko dattijon nan, ka ce masa na rubuta, shi ke nan iyakar ikonka.

mai_lambu_ojo

Slm. Yallabai ni dan mai lambu ne ta wajen Ojo a cikinsa na tashi har yanzu ina yi, kuma an taba tashin mu sau daya don haka abin nan da kake fada a jikina nake jinsa.

Maganar rasit da kace babu, ba sakaci bane. Ranar da ka cewa mai kasa ya baka rasit ranar zai fara kallonka a matsayin wanda yake shirin kwace masa gado, gobe sai kaji yace zaiyi gini ka tashi. Shi yasa iyayenmu suke shiru su biya, a shekara a biya dangi, sannan samarin nan omo onile, wato masu cewa su ne 'ya'yan masu kasa, su zo daban suma a basu nasu, in ka haka rijiya ma sai an basu. Haka ake zaune lafiya.

Abinda nake rokonka, in kunzo kidaya kar ku kalli fangali kawai ku rubuta abinda ke kansa ranar. Alayyahu sati uku zuwa hudu ne an cire, latas ya dan fi haka, kenan in kazo washegarin da aka cire zaka ga kasa ce zalla ka rubuta babu komai alhali wurin nan sau da yawa yake bada amfani a shekara, damina da rani bama tsayawa. Mu haka akayi mana, wanda aka tarar da ganye a nasa aka bashi dan abinda aka bashi, babana da ya sayar kwana biyu kafin nan ko sisi. Kuma abinda mutane basu sani ba matan kasuwa da suke sayen ganyen nan da yawa kudinsu suke bayarwa tun kafin ya isa cira, fangali guda guda suke kamawa, da kudin muke sayen iri da kashin kaji da man inji, to ranar da katafila ta shigo ba lambu kadai ta tafi dashi ba bashi ta bar mana a wuya, kuma matan nan suma ba masu kudi bane. Babana sai da ya sayar da injin ban ruwansa ya biya su don yace bazai koma gida da hakkin kowa ba.

Ka tambayi kowa fangali nawa gareshi, yara nawa ke masa aiki, don kowane lambu akwai samari biyu uku da suke daukar garwar ruwa safe da yamma su ma da wurin suke ci. Kuma in da hali a fada musu ranar tashi da wuri, ko wata biyu ne, su cinye abinda ke kasa su daina karbar kudin mata. Wlh wannan kadai ma taimako ne babba. Allah ya tsare ka yallabai.

lauya_obalende

Malam dan_agege sannu da ƙoƙari. Baba safiyo ya gama maganar aiki, ni bari in taɓa ta doka, amma ka sani ban ga takardun filin ba.

Amsar tambayarka ta farko eh, doka ta san da su, sai dai ba a matsayin masu ƙasa ba. Sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa ne ya ba gwamna ikon soke haƙƙin mutum a kan fili saboda buƙatar jama'a. Sashe na 29 kuma ya yi maganar diyya, kuma mutum biyu ya ambata, mai riƙe da haƙƙin filin da wanda ke kan filin yana amfani da shi, kowanne a biya shi darajar abin da ya kafa wanda bai ƙare ba. Ka lura da kyau, dokar ba ta biyan kuɗin ƙasar kanta, abin da ke kanta take biya, gini da amfanin gona da makamantansu. To in haka ne kuɗin alayyahu da latas na wanda ya shuka ne. In ka sa sunan dangi a kansu ka ɗauki haƙƙin wani ka ba wani da hannunka.

Ka je sashen fassarar kalmomi a ƙarshen dokar ka karanta abin da ake nufi da gyaran da bai ƙare ba, zai yi maka amfani sosai. An lissafa gine-gine, itatuwa masu daɗewa, shinge, rijiyoyi, hanyoyi, aikin ban ruwa da aikin cike fili ko farfaɗo da shi. Ka ga rijiyar dattijon nan da zobenta ta shiga kai tsaye, ka auna zurfinta ka ƙirga zoben. In sun yi magudanan ruwa ko sun cike wani kwari, rubuta. Baƙar ƙasar da ya nuna maka ita ce mai wuya, don dokar ta cire abin da noma na yau da kullum ya haifar in ba amfanin da ke tsaye ba, mai ƙima zai iya cewa zuba taki noma ne na kullum. Ni a ganina mayar da yashi ƙasar noma ya fi ƙarfin a kira shi haka, amma ba kai za ka yanke ba, kai dai ka bayyana shi a rahoto da hoto.

Inda nake so ka ja kunnen mutanenmu shi ne kar wani ya zuga su su ce ƙasar ta zama tasu don sun daɗe. An yi wannan shari'ar an gama. Abioye da Yakubu, Kotun Ƙoli, 1991, Fulani ne aka ba wurin zama da kiwo a Kwara suna biyan abin da Yarabawa ke kira ishakole, wato abin da mai zama a ƙasar wani ke ba masu ƙasar, bayan dokar 1978 suka ɗauka sun zama masu wurin, kotu ta ce dokar ba ta shafe haƙƙin masu ƙasa na asali ba. Don haka fom ɗinka gurbi biyu yake buƙata, mai ƙasa daban, mai amfanin gona daban. In ka nuna wa dangin cewa sunansu na nan daram a gurbin ƙasa ba wanda ya taɓa shi, rabin faɗan ya mutu, don tsoronsu kenan.

Tambaya ɗaya nake so ka binciko kafin komai. Filin nan yanzu ne za a soke haƙƙinsa, ko yana cikin wanda gwamnati ta karɓa tun da can? Ka nemi gazet ɗin ka ga shekarar, ka sa a ɗora makin da ka ɗauka a kan taswirar ofishin babban safiyo na jiha. Amsar tana canza lissafin gaba ɗaya.

Hajiya_level14

Ƙanena, ni ba filaye na sani ba, aikin gwamnati na sani, na kusa ritaya. Abin da lauya ya faɗa maka gaskiya ne amma in ka shiga ofishin oga da sashe kaza sashe kaza a bakinka ka gama da kanka. Shekara biyu ne gwajin sabon ma'aikaci kafin a tabbatar da shi, ka lallaɓa.

Ka rubuta memo gajere zuwa ga wanda ke kanka kai tsaye, kar ka tsallake shi ka je wurin darakta ko da kuna gaisawa a masallaci. Kar ka rubuta shi kamar mai kare wasu, ka rubuta shi kamar mai kare ma'aikata, ka ce yallabai mun tarar da masu amfanin gona da ba su ne masu ƙasa ba, in aka biya ta hannu ɗaya akwai yiwuwar ƙorafi da ƙara a kotu da tsaikon aiki, ina neman izini a ƙara gurbi a fom. Ba ogan da ke son takardar koke ta sauka a teburin kwamishina da sunan sashensa. Ka bar shi ya ɗauki shawarar ta zama tasa, kai ba yabo kake nema ba. Ka yi kwafi biyu a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka kai gida ka ajiye, hotunan ma ka tura imel ɗinka, fayil yana ɓata.

Maganar za a ce 'yan uwanka ne, maganinta a cikin filin take. Na tabbata in ka duba ɗaya rabin za ka samu matan garin masu ɗan rogo da masara da barkono a ƙasar dangin miji, zawarawa da waɗanda mazan suka rasu, su ma in aka sa sunan dangi ba abin da zai iso hannunsu. Ka rubuta su yadda ka rubuta namu, ka fara da su ma. Kuma kar ka ƙara shiga lambun nan kai kaɗai, ka ja abokin aiki Bayarabe ku sa hannu tare a kowane shafi.

Sai kyauta. Za a kawo, ta dangi ambulan ce, ta mutanenmu kuma buhun ganye ne da albasa a bayan mota da sunan a kai wa Hajiya. Duk ka mayar cikin mutunci, har ganyen. Wanda ya ga an sa maka shi a but ba zai tambayi nawa ne kuɗinsa ba.

Bakatsine_a_Ikorodu

Ni dai ku yi haƙuri zan ɗan saɓa. Duk kun tattara a kan diyya, nawa ne diyyar alayyahu? Ko an rubuta sunan dattijon nan da ruwan zinare abin da za a ba shi ba zai kai shi wata uku ba, sannan fa? Ya koma Ɗambatta yana da shekara sittin da wani abu ya fara daga ina?

Mu fa a ƙasar nan ba mu taɓa yin gyaran mallakar ƙasa irin wanda ake nufi ba. Masar a 1952 iyaka aka sa wa manyan masu gonaki aka raba ragowar ga talakawa. Habasha a 1975 cewa aka yi ƙasa ta mai nomanta ce. Ruwanda cikin 'yan shekaru ta yi wa filaye sama da miliyan 10 rajista gida gida gona gona. Mu tamu ta 1978 gwamna ta ba, kuma aka cusa ta a sashe na 315 na tsarin mulki yadda gyara ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulki, kashi biyu cikin uku na majalisar tarayya da majalisun jihohi 24. Marigayi Yar'Adua ya yunƙura a 2009 ya kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, aka gwada rajistar filaye a Kano da Ondo, Allah bai ba shi tsawon rai ba, dokar tana nan yadda take.

Don haka ni abin da zan ce dan_agege ya sa a memon nan, tunda gonaki za a yanka a raba, me zai hana waɗanda aka tarar suna noma a wurin su shiga jerin waɗanda za a ba? Ko a ware musu gefe ɗaya su riƙa biyan haya ga hukuma da takarda. Su ne suka san ƙasar, su ne ke da masu saye a hannu, matasan da za a kawo ma a wurinsu za su koyi abin da ba a koyarwa a aji. Kuma su masu lambun su taimaki kansu, su yi katin zama ɗan jiha na LASRRA, su haɗu su yi rajistar ƙungiyar haɗin kai har da matan garin a ciki, don gwamnati ba ta iya magana da mutum ɗaiɗai, ƙungiya take gani. Su sanar da Sarkin Hausawan yankin ya je ya gaida Bale tun yanzu ba sai rigima ta tashi ba.

dan_agege

Na gode ƙwarai, Baba Allah ya ƙara girma, Hajiya Allah ya sa a gama lafiya, mai_lambu_ojo maganarka ta fangalin da aka cire na sa ta a rahoto kusan yadda ka faɗe ta. Na rubuta memon yadda Hajiya ta tsara, ni da wani abokin aikina ɗan Epe muka sa hannu, oga ya karanta ya ce zai kai sama, bai ce eh ba bai ce a'a ba amma ya ce mu ci gaba da ɗaukar sunaye a wata takarda daban kafin nan. Matan garin kuwa Hajiya kamar kin je wurin, suna nan da yawa. Shawarar Bakatsine ma na sa ta a sakin layi na ƙarshe.

Barista ga abin da na samo, an ɗora makin a taswira, filin kashi biyu ne. Ɓangaren rogo yana cikin wanda aka yanke wa dangi aka fitar a gazet, shi ne za a karɓa yanzu. Amma yawancin lambun, har da na dattijon, ya faɗa cikin tsohon filin da gwamnati ta karɓa tun tuni ba ta yi komai a kai ba. Kenan dangin ma kuɗin da suke karɓa duk shekarun nan a kan ƙasar da ba tasu ba ce a takarda? Su kuma masu lambun yanzu ina matsayinsu?

lauya_obalende

Abin da na ji tsoro kenan. A wannan ɓangaren matsayinsu ya yi rauni, don in sun shiga bayan an karɓi filin za a iya cewa ba da izinin mai haƙƙi suka shiga ba, diyya ta zama ta jin ƙai ba ta dole ba. Amma kar ka tsaya a nan. Ka fara tambayar dattawan shekarar da suka zo ka gwada da shekarar gazet, in akwai wanda ya riga ta nasa daban ne. Maganar kuɗin da dangi suka karɓa kuma kar ka tayar da ita yanzu, ba aikinka ba ne kuma masu lambun za ta fara ƙonawa.

Sannan ka binciko kuɗin wa za a yi shirin da shi. In akwai hannun Bankin Duniya a ciki, irin shirye-shiryen noma na Fadama da APPEALS da aka yi a jihar nan, ƙa'idarsu ta tashin mutane ta ce ko wanda ba shi da takardar fili a biya shi amfanin gonarsa da abin da ya kafa, a kuma taimaka masa ya farfaɗo da sana'arsa, matuƙar yana wurin kafin ranar rufe ƙidaya. In kuɗin jiha ne zalla to sai abin da aka amince a sama, kuma a nan ma ba za a amince da komai ba sai akwai sunaye da awo da hotuna a cikin fayil. Takardar daban da oga ya ce ku riƙa cikawa, ka tabbata an lissafa ta a jikin rahoton a matsayin rataye, an sa mata lambar shafi a fayil ɗin, kar ta tsaya a durowarka.